DARASI NA 24: ZIYARA ZUWA BAKIN TEKU

Jama'a, darasinmu na yau na tafiya ne. Za mu tashi daga nan ƙasar Ɗambatta, mu bi wani maigida har Ikko, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. Ku karanta a hankali, gama akwai tambayoyi a ƙarshe.

1. Dalilin Tafiya

Kun san yadda ƙasarmu ta ke. Gida kusa da gida, gona jikin gona. Ba daji, ba saura. Ko wace shekara a kan noma ko wace gona, sai dai a kai mata taki a mangala. In uba ya rasu, a raba gonarsa tsakanin magada. In su ma sun rasu, a sake rabawa. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Shi ya sa samari da yawa su kan tafi cin rani. Waɗansu su komo da ruwan shuka, waɗansu kuwa shiru.

Maigidan nan yana da ƙane. Shi ne autansu, kowa Auta ya ke ce masa. Auta ya tafi cin rani Ikko, ya zauna a Agege, ya kama sana'ar goro, har ya yi aure can. Shekara tara ke nan bai tako gida ba. Ya kan bugo waya, ya kan aiko da 'yan kuɗi loto-loto, amma idon mahaifiyarsu bai gan shi ba.

Ran nan sai ya bugo waya, ya ce, "Yaya, ina so a sayar da rabona na gonar Baba. Jarina ya karye, ga kuɗin haya ya taso."

Hankalin Maigida ya tashi. Rabon Auta shi ne a tsakiyar gandu. Nan rijiya ta ke, nan kuma kukar da gidan duka ke cin miyarta. In baƙo ya saya, gandu ya tsage biyu ke nan. Ga shi kuwa akwai mai saye a shirye, gama a ƙasarmu gona ba ta kwana a kasuwa.

Ya tafi ɗakin tsohuwa, ya durƙusa, ya gaya mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Wannan ba maganar waya ba ce. Zumunta a ƙafa ta ke. Tashi ka je ka ga ɗan'uwanka ido da ido. Ka gano mini jikokina. In ka je kuwa, ka ɗebo mini ruwan tekun nan a kwalba, ni ma in gani."

Ya ce, "To, Inna."

2. Shiri

Da aka gama kaka, aka kai amfani rumbu, Maigida ya kai wake da rago guda kasuwar Ɗambatta ta ran Lahadi, ya sayar, ya sami kuɗin mota. Ya ce zai tafi da ɗansa na fari, ɗan shekara goma sha biyu, don yaro ya buɗe ido.

Ba su da kuɗin kama masauki a hanya. Saboda haka suka yi shirin kwana a fili, kamar yadda matafiya su ke yi tun dā. Ga abin da suka ɗauka: tabarma biyu, da bargo, da gidan sauro, da buta, da tocila, da ashana, da 'yar tukunya. Guzurinsu kuwa ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da soyayyar gyaɗa, da dabino, watau abin da ba ya lalacewa da wuri. Matan gida suka haɗa tsaraba: gero, da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu.

Ku lura da abu uku da ya yi, gama dabara ce ga ko wane matafiyi. Na ɗaya, bai zuba kuɗinsa aljihu guda ba, ya raba su gida uku. Na biyu, ya ɗauki katinsa na shaidar ɗan ƙasa. Na uku, ya rubuta sunan unguwar Auta da lambar wayarsa a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a aljihun yaron. Ko sun rabu cikin taro, yaro yana da abin nunawa. Matambayi ba ya ɓata.

3. Hanya

Daga Kano zuwa Ikko a mota kimanin kilomita 1,000 ne. Suka kwana a birni, suka tashi da asuba. Suka wuce Zariya, suka wuce Kaduna. Kafin su shiga Suleja suka karkata yamma, suka bi ta Lambata, da Lapai, da Agaie, har Bida.

Manomi ko a mota idonsa yana gona. Maigida ya riƙa nuna wa yaron yadda ƙasa ke sakewa. Daga gida har Zariya kuka ce, da gawo, da ɗorawa, da karan dawa. Bayan Kaduna itatuwa suka ƙara yawa, ciyawa ta ƙara tsawo, ga kaɗanya ko ina, ga tulin doya. A ƙasar Nufe sai fadamun shinkafa, iyakar ganinka.

Magariba ta yi musu a Bida. Direba ya ce shi ba ya tafiyar dare, kowa ya nemi wurin kwana. Suka shimfiɗa tabarma a tasha, kusa da mai shayi, inda akwai haske da mutane. Suka yi matashi da jakarsu. Wani tsoho da su ke mota ɗaya ya ce, "Ai yau mun zama fatake."

Yaron ya ce, "Baba tsoho, su wane ne fatake?"

Tsohon ya ce, "Kakanninmu ne. Kafin mota, kafin jirgi, su kan tashi ayari guda da jakuna, madugu yana gaba, su tafi Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro. Su kan kai kanwa da tufafi da fata. Tafiyar watanni ce. Inda duk dare ya yi musu, su sauke kaya, su kafa bukkoki, su kewaye da ƙaya, su hura wuta. Wannan wuri shi a ke kira zango. Shi ya sa har yau a garuruwan kudu, da Gana, da Togo, unguwar Hausawa a kan ce mata Zango."

Da gari ya waye suka ƙetare kogin Kaduna a Wuya, suka wuce Mokwa, suka iso Jebba. Nan su ka hau gadar kogin Kwara. Yaron bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tomas ba, sai ya miƙe tsaye, ya ce, "Baba, ga teku!" Mutanen mota suka yi dariya.

Ba teku ba ne, kogi ne, amma babba. Kwara ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya wuce Yamai, ya shigo Nijeriya, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya faɗa teku. Tsawonsa ya fi kilomita 4,000. Ku lura kuma: ruwan da ya sauka a gonakinmu ba ya zuwa can. Namu ya kan gangara gabas, ya shiga kogin Haɗejiya, ya nufi wajen Tafkin Chadi.

Daga Jebba suka shiga Ilori, da Ogbomosho, da Oyo, da Ibadan, wadda mu ke kira Badun. Nan fa kurmi ya soma. Ga kwakwar manja, ga ayaba, ga rogo, ga koko, ga itacen goro. Ko da ya ke rani ne, ƙasa kore shar. Bargon da suka rufa da shi a Kano ya zama kaya, gama iska ta yi nauyi, gumi sai zuba ya ke yi. Dare ya yi kafin su isa Ikko.

4. A Zangon Agege

Auta yana jiransu a tasha. Ya rusuna ya gai da wansa, ya karɓi kaya. Suka dubi juna, ko wanne ya ga furfura a kan ɗan'uwansa.

Hausawa sun daɗe a Agege. Hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano ta nan ta bi. Jirgi ya fara isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka soma tafiya tun daga Ikko har Kano. Lokacin nan Yarbawa sun kama shuka irin goron Gwanja a gonakinsu. Sai fatake suka bar doguwar hanya, suka riƙa saukowa nan suna saye, suna ɗaure huhu, suna ɗorawa a jirgi. Da haka Zangon Agege ya cika, har da Sarkin Hausawa. Akwai mutanenmu kuma a Idi-Araba, da Obalende, da kasuwar Mile 12, inda a ke sauke tumatir da albasa da tattasai na Arewa.

Matar Auta haifaffiyar Agege ce, kakanta ne ya zo daga Kano. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ina su Inna?" Ta kira 'ya'yanta uku, ta ce, "Ku zo ku gai da Baffa." Yaran suka gaishe shi da Hausa, amma da suka juya wajen wasa sai ya ji suna Yarbanci. Babbansu ya tambayi ɗan Maigida, wai da gaske ne a garinsu a kan hau jaki?

Maigida ya zo da faɗa a bakinsa. A gida an ɗauka wanda ke Ikko duk mai kuɗi ne. Amma ga abin da ya gani: ɗaki ɗaya, mutum biyar. Ruwa saye, makamashi saye, ko ganyen miya saye. Mai gidan haya kuwa kuɗin shekara ya ke so gaba ɗaya. Ya tafi rumfar Auta, ya ga yadda a ke zaɓen goro, a ware fari da ja, a fid da mai tsutsa, a lulluɓe da ɗanyen ganye don kada ya bushe. Ya ga kwandunan Auta rabi wofi. Bara goronsa ya lalace a hanya, mota ta yi kwana da kwanaki a lalace. Sai Maigida ya haɗiye faɗansa. Gani ya kori ji.

Bai ta da maganar gona ba tukuna. Auta ma bai ta da ita ba.

5. Kallon Birni

Rana ta uku Auta ya rufe rumfa, ya kai su kallo. Sunan garin a bakin Yarbawa Eko, daga nan mu ka sami Ikko. Sunan Legas kuwa mutanen Fotugal suka sa masa, ma'anarsa tafkuna. Ingilishi suka karɓi garin a 1861. Shi ne babban birnin Nijeriya tun daga 1914 har ran 12 ga Disamba 1991, sa'ad da aka koma Abuja.

Tsohon garin a tsibiri ya ke, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye. Gada uku suka haɗa shi da tudu: gadar Carter, da gadar Eko, da ta uku wadda aka buɗe a 1990. Tsawon ta ukun nan kilomita 11.8 ne, kusan duka bisa ruwa. Ita suka hau. Daga bisa suka hango gidajen masunta a kan turaku cikin ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke kora jaki.

Suka tsaya a Dandalin Tafawa Balewa. Dā filin sukuwa ne. Nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1960, Sir Abubakar Tafawa Balewa yana Firayim Minista.

Daga bakin Marina suka hango tashar jiragen ruwa ta Apapa. Jirgi ɗaya ya fi unguwa guda tsawo. Maigida ya ce wa yaron, "Ka ji ana labarin dalar gyaɗa a Kano? To, gyaɗar da kakanka ya noma, jirgin ƙasa ke kawo ta nan, a zuba ta cikin irin waɗannan, a kai Turai." Dalar nan ta ɓace cikin shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa.

Yaron ya ce, "Baffa, wannan ne teku?"

Auta ya ce, "A'a, wannan tafki ne. Gobe za ka ga teku. Dā a Bar Beach a ke kallonsa, amma an cike wurin da yashi, ana gina sabuwar unguwa. Badagry za mu."

6. Badagry

Badagry tana yamma da Ikko, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Mafi yawan mutanenta Egun ne, masunta da masu noman kwakwa. Akwai gidan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, a kan ce shi ne na farko irinsa a Nijeriya. Amma ku tuna, magina na Kano da Katsina sun daɗe suna ta da soro da bene na ƙasa kafin wannan. Daga garin nan ne kuma wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya tashi a Disamba 1825, bai isa Kano ba sai Yuli 1826. Ya rasu kusa da Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafiyar da ta ci masa wata bakwai, yau kwana biyu ce.

Amma abin da aka fi sanin Badagry da shi abin baƙin ciki ne, watau cinikin bayi. Suka shiga gidan ajiye kayan tarihi, suka ga sarƙoƙi da mari. Mai gadi ya ɗora wa Maigida sarƙa guda a hannu, ya ji nauyinta. Sa'an nan suka sa rigar kariya, suka shiga kwalekwale, suka ƙetare tafki zuwa Gberefu. Daga nan akwai 'yar hanya cikin yashi har bakin teku. Ita bayi su kan bi. Wanda ya kai ƙarshenta ba ya komowa.

An ƙiyasta mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka cikin shekara kamar 350. Kada ku ce wannan labarin waɗansu ne. Akwai Hausawa da yawa cikinsu, waɗanda aka kama wajen yaƙi ko a hanyar fatauci, aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Da yawa an kai su Bahiya, a ƙasar Barazil. Can suka shirya tawaye a 1807, suka tashi a 1809 da 1814. A 1835 bayi Musulmi suka sake tashi a birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. Turawa ne masu jirage, amma masu kamawa da masu sayarwa 'yan ƙasa ne. Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Suka bi hanyar nan shiru. Tun ba su ga kome ba suka fara jin ruri kamar na hadari. Da suka hau tudun yashi na ƙarshe, sai ga shi.

Yaron ya tsaya, ya kasa magana. Can ya ce, "Baba, ina ɗaya gaɓar?"

Wannan shi ne Tekun Atlantika. In mutum ya miƙe kudu sosai daga nan, ba zai sami wata babbar ƙasa ba sai ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen duniya. In ya nufi yamma maso kudu, sai Barazil. Teku ya rufe wajen kashi 71 cikin 100 na bayan duniya. Ƙasar da mu ke rigima a kanta duka, ita ce ƙaramin rabo.

7. Teku Ba Rafi Ba Ne

Yaron ya tuna da kwalbar kakarsa. Ya ruga, ya shiga ruwa iyakar gwiwa, ya sunkuya, ya juya wa teku baya. Sai wata igiyar ruwa ta taso, ta buge shi, ya faɗi. Da ruwan ya juya zai koma, ya kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa, ya ja shi ciki. Maigida ya yi ihu, ga shi bai iya ruwa ba. Allah ya sa akwai wani masunci kusa yana gyaran taru. Ya yi tsalle ya cafko rigar yaron, ya fid da shi. Takalmi ɗaya ya tafi, amma kwalba tana hannunsa.

Masuncin ya yi musu faɗa, Auta yana fassarawa. Ya ce, "Ko wace shekara tekun nan yana cin baƙi. Wanda ya iya iyo a rafi ma bai iya a nan ba."

Ga dokokin da ya ba su. Kada ka juya wa teku baya. In ba ka iya ruwa ba, kada ya wuce idon sawunka. Kada yaro ya matsa bakin ruwa shi kaɗai. Inda ka ga ruwa ya yi lumui tsakanin igiyoyi, nan ya fi haɗari, gama ta nan ya ke komawa ciki da ƙarfi. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi har ya gaji. Ya yi ƙoƙari ya tsaya a saman ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi.

Yamma ta yi, suka so su kwana nan. Ba su sauka haka kawai ba, sai da masuncin ya kai su wurin mai unguwar ƙauyen, suka gaishe shi, suka ba shi goro, ya yarda. Maigida ya shimfiɗa tabarma a kan wani yashi mai laushi kusa da ruwa. Masuncin ya girgiza kai, ya nuna masa wani layi na ciyayi da tarkace can sama, ya ce, "Nan ruwa ya kai jiya. Ku hau bayansa." Suka koma gindin kwakwa, amma ba daidai ƙarƙashin 'ya'yan ba, kada ɗaya ya faɗo wa mutum a ka. Kafin tsakar dare ruwa ya rufe wurin da suka fara shimfiɗa.

Me ya kawo haka? Teku ya kan ciko, ya kan janye, sau biyu cikin yini da dare. Tsakanin cikowa da cikowa kimanin sa'a 12 da minti 25 ne. Wata ne ke jan ruwan, rana kuma tana taimakonsa. Shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, watau wajen daren sha huɗu.

8. Maganar Dare

Suka ɗaura gidan sauro, suka hura wuta da ɓawon kwakwa, suka gasa kifin da suka saya. Yaron ya ci, ya yi barci. Aka bar wa da ƙane.

Auta ya ce, "Yaya, ka dai ga ɗakina, ka ga rumfata. Ba don raini na ce a sayar ba."

Maigida ya ce, "Na gani. Da ban zo ba, da na zalunce ka a zuciyata. Rabonka haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Amma ka saurara. Kuɗin gona ya kan ƙare, gona ba ta ƙarewa. In ka sayar yau, ko ka samu ninkin kuɗin gobe, wa zai sayar maka da wata a garinmu? Ran da zaman nan ya ƙi, ina za ka kai yaran nan?"

Auta ya ce, "To, kuɗin haya fa? Mai gida ba ya jin wannan."

Maigida ya ce, "Akwai san da na turke tun bara. Zan sayar da shi. Ka ba ni hayar rabonka shekara uku, in biya ka gaba ɗaya. Bai kai kuɗin saye ba, ko rabi bai kai ba. Amma zai biya ɗaki, ya saya maka 'yan kwanduna. Bayan shekara uku gonarka tana nan."

Auta ya daɗe yana duban wuta. Ya san san nan shi Maigida ya ke tattali don gyaran ɗakin Inna da bikin 'yarsa. Ya ce, "Yaya, ka ɗauki nauyi."

Ya ce, "Nauyin gida ne. Amma da sharaɗi biyu. Za a rubuta a gaban dagaci da shaidu, don kada 'ya'yanmu su yi rigima bayanmu. Kuma za ka zo da kanka ka sa hannu, da Babbar Salla, da matarka da yaran. Inna ta tsufa."

Auta ya share ido, ya ce, "In Allah ya so, za mu zo."

9. Kwalbar Inna

Bayan kwana goma suka komo gida da huhun goro ƙarami da kwakwa. Aka taru a tsakar gida. Yaron ya miƙa wa kakarsa kwalba. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Kai! Wa ya zuba masa gishiri haka?"

Ba wanda ya zuba. A ko wace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, watau wajen babban cokali biyu. Ba a shansa, ƙishirwa ya ke ƙarawa. Ba a ban ruwa da shi, shuka ya ke kashewa.

Duk da haka da shi mu ke ci. Rana ta kan bugi teku, tururi ya tashi, ya zama girgije. Iskar damina, wadda ke busowa daga kudu maso yamma, ita ke turo shi Arewa. Ta kan fara isa Ikko wajen watan Maris, ba ta iso mu sosai sai Mayu ko Yuni. Mu ta ke fara bari kuma, wajen ƙarshen Satumba. Shi ya sa daminarsu doguwa, tamu gajeruwa, shi ya sa su kurmi, mu gero. In ta janye, sai iskar hunturu ta sauko daga hamada da ƙura.

Tsohuwa ta ce, "To, in daga can ruwan sama ya ke, don me ba shi da gishiri?"

Yaron ya zuba sauran ruwan a tukunya, ya rufe, ya ɗora a wuta. Da ya tafasa, ya ɗaga murfi, ya ce ta taɓa ɗigon da ke jikinsa. Ta taɓa, ta ji salam. Da ruwan ya ƙone ƙaf, sai ga farin gishiri a gindin tukunya. Tururi ya tashi, gishiri ya zauna. Ku ma ku gwada a gida da ruwa da gishiri.

Da Babbar Salla Auta ya zo da iyalinsa. Aka rubuta takarda a gaban dagaci. Yaran suka sha fura a ɗakin kakarsu, babbansu ya hau jaki, ya faɗo, ya sake hawa.

SABABBIN KALMOMI

tsibiri, teku, tafki, ayari, madugu, zango, huhu, tururi, girgije, sharaɗi

TAMBAYOYI

1. Don me gona ta ke da tsada a ƙasarmu?
2. Faɗi abu uku da Maigida ya yi don tsaron kansa kafin ya tashi.
3. Ina ruwan da ya sauka a gonakinmu ya ke gangarawa?
4. Me ya kai Hausawa Agege?
5. Wace ƙasa aka kai Hausawa bayi, har suka yi tawaye?
6. Don me masunci ya hana su kwana kusa da ruwa?
7. Mene ne bambancin sayar da gona da ba da ita haya? Wanne ka ke gani ya fi ga Auta? Kawo dalili.

LISSAFI

1. Mota tana cin kilomita 50 a sa'a ɗaya. Sa'a nawa za ta yi ta ci kilomita 1,000?
2. In lita ɗaya tana da gishiri giram 35, giram nawa ke cikin jarka mai lita 20?
3. Teku ya ciko da ƙarfe 6 na safe. Da ƙarfe nawa zai sake cikowa?
4. Daga 1911 zuwa 1960 shekara nawa ne?

AIKIN RUBUTU

Rubuta sunayen garuruwan da suka wuce, bi da bi, daga Kano har Ikko. Sa'an nan ka rubuta wasiƙa ta layi biyar zuwa ga wani ɗan'uwanka da ya daɗe bai zo gida ba.